Ɗan Aike: Ƙirar Tsarin Saƙo da Rabon Ayyukan Gida ta Wayar Salula a Ƙasar Arewa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda za a ƙera tsarin isar da saƙo da tunatar da ayyukan gida wanda zai dace da gidajen ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso ta Nijar. Manhajojin iyali da ke kasuwa an gina su ne don ƙaramin gida mai karatu, inda kowa ke da wayarsa, kowa kuma yana ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Gidan Ba'are, wato ɗan ƙasar Arewa, yana da mata fiye da ɗaya sau da yawa, yana da ƴan ci-rani, yana da waya guda a hannu da yawa, yana kuma da dokokin kunya da sirri. Hujjar maƙalar ita ce, tsarin da zai yi amfani a nan sai ya kwaikwayi aike irin wanda gida ya saba da shi: murya, daga sanannen mutum zuwa sanannen mutum, cikin ladabin da ya dace. An kawo sharuɗɗan ƙira guda shida, da fasalin tsarin da aka raɗa wa suna Ɗan Aike, da matakai uku na gwajin samfurinsa.

1.0 Gabatarwa

Tafiyar da gida aiki ne na saƙo. Kafin a ɗora tukunya sai an san wa ke da girki, wa ya kawo cefane, wa zai kai gero niƙa, wa zai ɗebo ruwa, wa zai kai wa masu noma fura a gona. A da, duk wannan magana tana ƙarewa a tsakar gida, domin masu yin ta suna kwana a wuri ɗaya. Yau mai gida na iya kasancewa a Legas ko Kwatano ko Abijan, babban ɗa yana karatu a Yamai, ƴar gida ta yi aure a Matankari, amma shawarar buɗe rumbu ko sayar da tunkiya tana jiran bakinsu duka.

Waya ta shiga wannan giɓi tun da daɗewa, sai dai ta shiga ba tare da tsari ba. Saƙo yakan iso wayar da ba ta hannun mai shi, a manta da shi, ko a isar da rabinsa. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: wane irin tsari ne zai rage wannan ɓatan saƙo ba tare da ya rushe zaman gidan da aka yi shi dominsa ba? Abin da ke tafe ƙira ce da shirin gwaji, an gina su a kan binciken da masana suka riga suka yi a Nijar da wasu ƙasashe, da kuma sanin yadda gidajenmu ke gudana.

2.0 Fagen Nazari

Ƙasar Arewa tana kwance ne a kwarin Dallol Mawri, kan iyaka da jihohin Kabi da Sakkwato na Nijeriya. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso ta nufi Birnin Ƙonni, ta ratsa garin Dogon Dutsi. A shekarar 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomin Tibiri da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Dogon Dutsi ta rage da garin kansa da Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Dogon Kirya da Sukukutan. Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin biyu mutum fiye da 600,000, mafi yawansu manoman gero da wake da gyaɗa, masu noman rani a fadamu da kiwon ƙananan dabbobi.

Abubuwa uku na ƙasa baki ɗaya sun shafi ƙirarmu kai tsaye. Na farko, manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma kason mata ya fi haka ƙasa nesa. Na biyu, binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure suna zaune da kishiya. Na uku, wutar lantarki ba abin dogaro ba ce: har zuwa watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke ta, kaso mafi yawa na wutar yammacin Nijar daga Nijeriya yake zuwa ta layin Birnin Kabi. A ƙauyuka kuwa cajin waya sana'a ce ta masu faifan hasken rana, sai an biya. Kamfanonin waya huɗu ne ke aiki a ƙasar, Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms, amma ƙarfin layinsu ya bambanta daga gari zuwa gari.

3.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masu nazarin mu'amalar ɗan Adam da na'ura sun daɗe suna bincike kan saƙon cikin gida. A 2006 Abigail Sellen da abokan aikinta na cibiyar binciken Microsoft a Kambirij ta Ingila suka gwada HomeNote, wani allo da ake ajiyewa a ɗakin girki, wanda ke nuna saƙon tes da aka aiko daga waje da kuma rubutun hannun mutanen gida. Sun gano cewa yawancin saƙonnin ba na tsara aiki kaɗai ba ne, har da na nuna kulawa da neman a san mutum yana nan. Wannan darasi ya shafe mu. Amma allon ya ɗauka cewa kowa ya iya karatu, wuta ba ta ɗaukewa, kuma ba laifi kowa ya ga saƙon kowa.

Daga ƙasashe masu kama da tamu, Indrani Medhi ta yi aiki a Bangalor ta Indiya kan manhajar da ba ta buƙatar rubutu, mai amfani da zane da murya. A jihar Gujarat an gwada Avaaj Otalo, layin waya da manoma ke kira su bar tambaya da murya su saurari amsa. Jonathan Donner ya nuna a 2007 cewa kira a katse, abin da muke cewa bip, yana da ƙa'idojinsa: wanda ya fi kuɗi shi ke mayar da kira. Jenna Burrell kuma ta nuna a karkarar Yuganda cewa aron waya ba daidaito ba ne, domin mata ke shan wahalar samun ta.

A Nijar, Jenny Aker ta gano cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. A shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar a jihohin Dosso da Damagaram a 2009 da 2010, manyan da aka koya wa amfani da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne gwajin 2010 a jihar Tawa, inda ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi bayan fari, wasu hannu da hannu, wasu ta waya. Gidajen matan da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai ragin lokacin tafiya da jiran layi, da kuma cewa kuɗin na isowa a asirce, abin da ya ƙara wa mace ƙarfin faɗa a ji kan yadda za a kashe shi. Ashe yadda saƙo ke shiga gida yana iya sauya wanda ke yanke shawara a gidan.

Ta fuskar zamantakewa, Enid Schildkrout ta bayyana a shekarun 1970 yadda yara a Kano ke zama ƙafa da bakin matan kulle. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Arawa da Gubawa, mutanen wannan ƙasa, a 1970, Adeline Masquelier kuma ta fitar da littattafai kan Dogon Dutsi a 2001 da 2009, inda ta yi bayani kan bori da aure da kayan ɗaki da muhawarar addini game da matsayin mace. Abin da ya rage shi ne haɗa wannan sani da aikin ƙira.

4.0 Yadda Saƙo da Aiki ke Gudana a Gida

Aikin gida a Arewa ba jeri ɗaya ba ne da za a rataye kowa ya zaɓa. Yana da zagaye, yana da mallaka, yana da daraja.

Zagaye shi ne girki. Inda akwai kishiyoyi, kwana ke juyawa, galibi biyu-biyu, kuma mai girki ita ke karɓar cefane, ita ke da alhakin tukunyar gida. Haihuwa ko rashin lafiya ko tafiya suna sauya lissafin, kuma sauyin kansa abu ne da ake sasantawa da baki. Tsarin da ya aika wa uwargida saƙon cefane ranar girkin amarya ya kunna wuta da hannunsa.

Mallaka ita ce bambancin gandu da gamana. Gandu na gida ne a ƙarƙashin mai gida, gamana kuwa ta mutum ɗaya ce, mace ko saurayi. Haka awakin mace da kuɗin ƙuli-ƙulinta da zubinta na adashi ko na asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991 ya kuma bazu a ƙasa. Waɗannan dukiyarta ce a al'ada da shari'a, ba ta cikin lissafin gida.

Daraja ita ce wa ke aiken wa. Uba na aiken ɗa, ɗa ba ya aiken uba, sai dai ya roƙa. Suruka da matar ɗa suna da kunya a tsakaninsu. Mace da yawa ba ta kiran sunan mijinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari. Yaron da aka aika ya san duk wannan: yakan yi sallama, ya durƙusa, ya ce wance ta ce a gaishe ki, sannan ya faɗi saƙo. Ya san kuma saƙon da ake faɗa a bainar jama'a da wanda ake jira sai an keɓe.

Sai ci-rani. Bayan girbi samari da magidanta kan fita, su dawo gab da shuka. Kuɗi na zuwa ta Nita ko Amana ko Al Izza, ko ta hannun direba. Saƙon da ke bin kuɗin, wato nawa ne na hatsi, nawa na makaranta, nawa na tsohuwa, shi ke yawan ɓacewa, kuma nan ake samun zargi tsakanin ƴan'uwa.

5.0 Sharuɗɗan Ƙira

Daga abin da ya gabata, sharuɗɗa shida suka fito.

Na ɗaya, murya ce ginshiƙi. Ko ga masu karatu, rubutun Hausa a tes yana da tsada: saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ɓ ko ɗ ko ƙ ko ƴ sai ya koma 70. Muryar mai aike kuma ita ce shaidarsa.

Na biyu, tsarin ya yi aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba tare da intanet ba.

Na uku, mutum ake aika wa saƙo, ba lambar waya ba, tunda waya ɗaya na iya zama ta mutum biyar.

Na huɗu, kowane saƙo ya kasance da iyakar masu jin sa, kuma mai aikawa ne zai zaɓa.

Na biyar, lokaci da awo su zo yadda ake faɗinsu: bayan asuba, da hantsi, kafin la'asar, ranar kasuwa, tiya da dami da buhu. Kuɗi ma haka. A bakin jama'a dala ita ce sefa 5, don haka wanda ya ce ɗari yana nufin sefa 500, jikka kuma 1,000. Ɗan ci-ranin da ke Nijeriya kuwa da naira yake lissafi. Tsarin da ya karanta adadi kamar yadda yake a takardar banki zai haddasa rikici a kan kuɗin da babu wanda ya ci.

Na shida, kada tsarin ya zama idon mai gida. Ba zai nuna inda mutum yake ba, ba zai tara lissafin wadda ta makara da aiki ba, ba zai jera mata a ce wance ta fi wance ƙoƙari ba.

6.0 Fasalin Ɗan Aike

Kowane gida zai yi rajista a lambar waya guda ta tsarin. Kowa zai naɗi sunan da yake so a kira shi da shi, kamar Inna ko Baba ko Uwar Ɗaki, ya kuma zaɓi lambar sirri mai alƙaluma uku. Mai son aike zai yi bip kawai, na'ura ta mayar masa da kira, don kada rashin kuɗin waya ya hana mace magana. Zai shigar da lambarsa, ya zaɓi wanda zai aika wa, ya yi magana, ya faɗi lokacin da za a isar.

An raba saƙonni gida uku bisa ginin gidan kansa. Tsakar gida na kowa ne: sanarwar suna, zuwan baƙi, ranar gayya. Ɗaki na mace ne da ƴaƴanta da wanda ta yarda da shi. Zaure na mai gida ne da manyan maza, inda maganar gandu da rumbu take. Idan saƙon ɗaki ya iso wayar da ke hannun wani, abin da zai ji kawai shi ne akwai aike ga wance, ba zai ji abin da ke ciki ba sai da lambarta.

Wanda ya saurari aike yana da amsa uku: 1, na ji, 2, an yi, 3, ina da magana, sai ya naɗi uzurinsa. Amsa ta uku tana da muhimmanci, domin a gidan Bahaushe ba a ce wa babba a'a kai tsaye, ana kawo dalili ne. Saƙon da ke hawa daga ƙarami zuwa babba kuma zai fara da gaisuwa, ya zo da siffar roƙo.

Ayyuka masu maimaituwa za su zauna a zagaye. Matan gida ne za su kafa zagayen girki da bakinsu, kuma ba zai sauya ba sai duk waɗanda abin ya shafa sun amince. Misali mai amfani shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina: ma'aikaci ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ce ke bayarwa a gida, kuma nan ake mantuwa. Haka ranar awon ciki da ta allurar jarirai da ta zubin adashi.

Ga kuɗin ci-rani, mai aikowa zai naɗi rabon da bakinsa, duk masu rabo su ji magana ɗaya. Tsarin ba ya riƙe kuɗi, saƙon kawai yake ɗauka. Waɗanda ke ƙasashen waje za su iya shiga ta WhatsApp, saƙonsu ya sauka a ƙaramar wayar gida a matsayin kira.

Ta fuskar na'ura, ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da manhajar Asterisk, wadda kyauta ce, da akwatin layukan waya da faifan hasken rana sun isa gwaji. Saƙon daƙiƙa 30 a matsewar muryar salula bai wuce kilobayit 50 ba, don haka wurin ajiya ba matsala ba ne. Da gangan aka bar na'urar gane magana a wannan mataki: akasarin muryoyin Hausa da ake horar da irin waɗannan na'urori da su ba na karin harshen Arewa ba ne, kuma tsohuwar da na'ura ta kasa ganewa sau biyu ba za ta sake kira ba.

7.0 Samfuri da Matakan Gwaji

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka matan gida za su shiga aikin tun daga zanen farko.

Mataki na farko na kati ne da zane. Za a zauna da mata daban, maza daban, samari daban, kuma mace ce za ta tattauna da mata. Za a bi saƙonnin jiya ɗaya bayan ɗaya: wa ya aika, ta hannun wa, ya isa ko bai isa ba.

Mataki na biyu, mutum zai tsaya a madadin na'ura. Ma'aikaci zai amsa kira, ya karanta zaɓuɓɓuka, ya isar da saƙo, bayan an sanar da mahalarta haka. Wannan hanya ba ta da tsada, kuma tana nuna inda mutane ke rikicewa kafin a rubuta manhaja. Sharaɗi ne ma'aikacin ya zama ba ɗan garin ba.

Mataki na uku shi ne na'urar gaske a gidaje kaɗan masu bambancin siffa: na cikin garin Dogon Dutsi da na ƙauyukan Tibiri, mai mace ɗaya da mai kishiyoyi, mai ɗan ci-rani da wanda ba shi da shi. Dole gwajin ya ratsa damina da rani, domin gidan watan Agusta ba shi ne na watan Maris ba.

Ma'aunin nasara ba yawan kira ba ne. Za a duba ko saƙo ya isa ga mai shi ba tare da wani ya ji ba, ko an rage tafiyar neman waya, nawa gida ke kashewa a wata, da kuma ko mata sun ce tsarin ya rage musu nauyi ko ya ƙara. Idan a wani gida ya zama sanadin tuhuma ko duka, a janye shi nan take.

8.0 Ƙalubale

Babban ƙalubale shi ne kuɗin mayar da kira. Tallafin ƙungiyoyi kan ƙare, don haka tun farko a gwada ko ɗan ci-rani, wanda ya fi kowa buƙatar tsarin, zai ɗauki nauyin kuɗin wata. Sai dai mai biya kan so ya mallaka, kuma dole ƙa'idar ɗaki ta tsaya ko wa ke biya.

Na biyu, miji na iya tilasta wa matarsa ta ba shi lambar sirri. Na'ura ba ta da maganin wannan gaba ɗaya. Abin da za ta iya shi ne goge saƙon ɗaki bayan an saurara, da bai wa mace damar sauya lambarta a kowane lokaci. Saura aikin fahimtar da magidanta da malamai da sarakuna ne, cewa sirrin mace a dukiyarta haƙƙi ne da addini ya ba ta.

Na uku, muryoyin iyali amana ce. Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma wajibi ne gwajin ya bi ta, a nemi yardar kowa da baki cikin Hausa, shi kaɗai, ba ta bakin mai gida ba.

Na huɗu, aike makaranta ce ga yaro, a nan yake koyon gaisuwa da riƙon amana da sanin dangi. Tsarin an yi shi ne don nisan da ƙafar yaro ba ta kaiwa, ba don ɗaki da ɗaki ba.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa matsalar saƙon gida a Arewa ba ta rashin waya ba ce kawai, ta rashin tsarin da ya san girki da gamana da kunya ce. Ta kawo fasalin da ke aiki da murya a ƙaramar waya, mai raba saƙo tsakanin tsakar gida da ɗaki da zaure, da hanyar gwada shi da kuɗi kaɗan. Ana kira ga sassan kimiyyar kwamfuta da na harsuna da na zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Dosso su ɗauki mataki na farko tare, su fara tattara muryoyin karin harshen Arewa da yardar masu su, hukumar ARCEP mai kula da sadarwa kuma ta duba rangwamen kira ga irin wannan hidima. Hukuncin ƙarshe kan ko Ɗan Aike ya cancanci shiga gida yana hannun matan da za su yi amfani da shi, kuma a tambaye su kafin a tambayi kowa.